Kamfanin Fasa Dutse Zai Ninka Aikinsa Kusa da Gari: Me Ya Kamata Jama'a Su Nema?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ina cikin kwamitin da mutanen garinmu suka kafa bayan da kamfanin fasa dutsen da ke bayan gari ya nemi izinin ninka aikinsa. Hanya ɗaya ce tak take fita daga wurin, kuma ta tsakiyar gari ta bi, ta gaban makarantar firamare da ƙaramin asibitinmu. Ko a yanzu tifofi sun cinye titin, ƙura ta hana mu shanya, wasu kuma suna cewa nakiya ce ta tsattsaga musu bango. Kan jama'a ya rabu: wasu na so a ƙi gaba ɗaya, wasu kuma na cewa 'ya'yansu a can suke samun na kansu. An ba mu 'yan makonni mu miƙa ra'ayinmu a rubuce. Shin tsoronmu yana da tushe, kuma me ya kamata mu nema?"

Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da wannan tambaya, kuma na ji daɗin yadda ka kawo ɓangarorin biyu ba tare da ka ɓoye na waɗanda suke cin moriyar kamfanin ba. Idan na fahimce ka daidai, abubuwa biyu kake son sani: wanne daga cikin koke-kokenku ne zai tsaya da ƙafarsa idan aka kawo shi gaban masu ba da izini, sannan wace irin buƙata ce za ta amfane ku a aikace bayan an gama taro an watse. Aikina na shekaru shi ne ƙira da gyaran hanyoyin karkara, kuma sau da dama an ɗora mini nazarin takardun da irin waɗannan kamfanoni suke gabatarwa, wani lokaci a madadin hukuma, wani lokaci a madadin jama'a. Abin da na gani shi ne, yawancin kwamitoci suna zuba ƙarfinsu a kan ramin da ake haƙa, alhali abin da zai fi taɓa rayuwarsu kullum shi ne titin, kuma ikonsu na canza wani abu kusan duka yana cikin waɗannan makonnin da aka ba su kafin a sa hannu.

Yana da kyau a fara da dalilin da ya sa wuraren fasa dutse suke matsowa kusa da mutane. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa duniya tana amfani da yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a kowace shekara, wato bayan ruwa babu wani albarkatun ƙasa da ake ɗiba kamarsu. Tsakuwa kaya ce mai nauyi marar tsada, don haka idan aka yi nisa da ita kuɗin dako yakan cinye kuɗin kayan. Shi ya sa kamfani yake manne wa dutsen da ya fi kusa da inda ake gine-gine, kuma shi ya sa faɗaɗa tsohon rami ya fi masa sauƙi a kan buɗe sabo, tunda injina da hanya da masu saye duk suna nan. Saboda haka kada ku sa ran zai haƙura cikin sauƙi. Amma wannan dalilin ne kuma ya ba ku daraja a teburin tattaunawa, domin dutse ba ya ƙaura, kuma kamfanin ya fi ku buƙatar zaman lafiya a kan wannan titi.

Lissafin da ya kamata ku fara yi

Kafin komai, ku nemi lamba ɗaya daga takardar neman izinin: tan nawa za a riƙa fitarwa a shekara. Daga ita ake fitar da kusan duk sauran. Mu ɗauki misali don a ga yadda lissafin yake. Idan za a fitar da tan 500,000 a shekara, kowace tifa kuma tana ɗaukar tan 20, to lodi 25,000 ke nan. Idan ana aiki kwana 250, lodi 100 ke nan a rana. Amma duk motar da ta fita da kaya sai da ta shigo babu kaya, don haka wucewa 200 ce ta gaban makarantarku. A raba a kan awa goma, sai ka ga kowane minti uku akwai babbar mota a kan titin. Wannan kuma matsakaici ne. A lokacin da aka samu babbar kwangila, ko da sassafe da kowa yake son ya yi lodin farko, cunkoson yakan wuce haka nesa ba kusa ba.

Na taɓa duba wata takarda da aka rubuta adadin motoci a cikinta, kowa ya karanta ya ce ai wannan da sauƙi. Sai da na bi jadawalin da ke can ƙarshen takardar na gane cewa lodi suka ƙirga, ba wucewa ba, kuma sun raba shi a kan dukkan kwanakin shekara har da ranakun da ba a aiki. Babu lambar ƙarya ko ɗaya a ciki, amma hoton da ta bayar bai kai rabin gaskiya ba. Tun daga nan nake ba kowane kwamiti shawara su sa mutum biyu a bakin titi da littafi da agogo, na tsawon mako guda cikakke, su riƙa rubuta lokacin da kowace tifa ta wuce, ta ina ta nufa, da kaya ko babu, a rufe ko a buɗe. Littafin da aka cika da hannu, da kwanan wata a kan kowane shafi, ya fi korafin mutum ɗari nauyi a gaban jami'in da zai rubuta rahoto, saboda abu ne da zai iya kafa hujja da shi.

Me ya sa titin yake mutuwa da wuri

A nan tsoronku yana da tushe mai ƙarfi, kuma ilimin injiniya yana bayanku. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a Ottawa ta jihar Ilinoi a Amurka, inda aka gina tituna masu kauri dabam-dabam, aka sa sojoji suna zagaya su da motoci masu nauyi dabam-dabam dare da rana, ana auna yadda kowane yanki yake lalacewa. Abin da ya fito daga gwajin, wanda har yau a kansa ake ƙirar tituna a ƙasashe da yawa, shi ne cewa ɓarnar da mota take yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta. Ana duba nauyin da ke kan kowane layin tayoyi, wanda makanikai suke kira aksil, kuma ɓarnar tana ƙaruwa ne kamar an ninka wannan nauyi da kansa sau huɗu. Ma'ana, idan nauyin aksil ya ninku biyu, ɓarnar ta ninku kusan 16. Aksil mai tan 8, wanda shi ne kusan ma'aunin da aka ɗauka a gwajin, yana cin titi kamar aksil mai tan ɗaya ya wuce sau 4,000 da ɗoriya. Idan kuma aka yi masa obalodi ya koma tan 12, ɓarnarsa ta ninka ta mai tan 8 sau biyar.

Wannan ƙa'ida kimantawa ce, kuma tana ɗan sauyawa gwargwadon irin titin da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, amma darasinta bai taɓa sauyawa ba: ƙananan motoci da babura kusan ba sa cikin lissafin lalacewar titi, manyan motoci ne suke yin ta, kuma daga cikinsu 'yan kaɗan masu obalodi su ne suke yin mafi yawa. Titin da ya ratsa ƙaramin gari galibi an yi shi ne da siririyar kwalta a kan cikon da ba shi da kauri, bisa tsammanin manyan motoci kaɗan a rana. Idan ka je ka duba naku, ina kyautata zaton za ka ga alamomin a jere: kwari biyu masu tsawo inda tayoyi suke bi, tsagewa mai kama da fatar kada a cikin kwarin, da gefen kwalta da ya gutsuttsure a wuraren da tifa biyu suke kauce wa juna. Bayan ruwan sama ka tsaya kusa ka kalli tsagar lokacin da mota mai kaya take wucewa. Idan ka ga ruwa mai laka yana tsartuwa daga ciki, to cikon ƙarƙashin ne yake fita, kuma duk facin da aka yi a sama ba zai kai wata damina ba. Kwalbatoci da ƙananan gadoji su ma a duba su, domin su ba sa nuna gajiya a fili kamar kwalta.

To me ke kawo obalodi da gudu? A mafi yawan wuraren da na yi aiki, tifofin ba na kamfanin ba ne. Na 'yan kwangila ne ko na masu saye, kuma ana biyan direba ne a kan yawan sawun da ya yi. Mutumin da abincinsa ya rataya a kan sawu zai yi gudu, zai kuma so a ƙara masa kaya, ko da shi mutumin kirki ne. Idan aka yi haɗari ko titi ya fashe, kamfanin sai ya ce da zarar mota ta fita ƙofarsa ba ruwansa. Wannan ita ce ƙofar da ya kamata ku toshe a rubuce. Duk motar da ta fita ta hau sikelin kamfanin, domin da sikelin ake sayar da kayan, don haka kamfanin ya san nauyin kowace mota, kuma shi kaɗai ne yake da ikon cewa ba za a loda wa wadda ta karya doka ba gobe. Sharaɗin da ya ce babu motar da za ta fita da nauyin da ya wuce ƙa'ida, kuma za a riƙa ba hukuma da kwamitinku kwafin rajistar sikeli duk wata, ya fi alkawarin gyaran titi amfani, duk da cewa shi ma gyaran ku neme shi.

Game da makarantar, abin da ya fi muhimmanci shi ne gudu da lokaci. Ƙarfin da birki zai kashe yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu, kuma direban tifa yana zaune a sama ta yadda yaron da ke dab da gaban motar ko gefenta ba ya ganinsa sam. Taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a awa a duk inda motoci suke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa. Ku nemi wannan iyaka a cikin gari, ku kuma nemi a dakatar da tifofi gaba ɗaya a lokacin shiga makaranta da lokacin tashi. Sai dai ina jan hankalinku game da tudun rage gudu da jama'a suke saurin nema. Tifar da babu kaya idan ta taka shi, bodinta yana buga ƙara kamar an jefar da ganga, mai kaya kuma tana girgiza gidan da ke kusa, don haka wanda aka sa tudun a ƙofar gidansa shi zai fara zuwa yana roƙon a cire. Idan za a sa, a sa mai faɗi marar tsini, nesa da ɗakunan kwana.

Ƙura, nakiya da ruwa

Ƙura iri biyu ce, kuma wadda take ɓata shanya ba ita ce mai haɗarin ba. Manyan ƙwayoyi suna sauka kusa, su ne ake gani a kan ganye da taga. Ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su ne suke shiga can cikin huhu. A ƙa'idojinta na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙurar da faɗin ƙwayarta bai wuce maikuromita 10 ba (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita) a kan maikurogiram 45 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace kubik mita ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, a matsakaicin yini, da 15 a matsakaicin shekara. Sannan akwai batun irin dutsen. Dutsen giranait da dutsen yashi suna ɗauke da silika mai yawa, wato ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, dutsen farar ƙasa kuwa kaɗan yake da shi. Ƙurar silika tana haddasa cutar da ke taurara huhu, wadda ba ta da magani, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka, kuma tun 1997 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. A 2012 cibiyar ta sa hayaƙin dizal a wannan rukuni. A farkon shekarun 1930, haƙar wani ramin ruwa a Hawks Nest ta jihar West Virginia, inda aka yi ta huda dutse mai silika a bushe, ta kashe ɗaruruwan leburori cikin 'yan shekaru.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa, ko da ba za ta yi wa wasu a kwamitinku daɗi ba, ita ce wannan haɗari mai tsanani ya fi faɗawa kan ma'aikatan da ke bakin injin huda da injin niƙa, wato 'ya'yan waɗancan mutanen da suke goyon bayan kamfanin. Ga mazauna gari, ƙurar da ke zuwa daga ramin kanta tana raguwa sosai da nisa. Ƙa'idojin da masana ingancin iska na Birtaniya suka fitar a 2016 sun ce ba kasafai illar ƙurar wurin fasa dutse mai tauri take wuce mita 400 ba, kodayake Birtaniya ƙasa ce mai yawan ruwan sama, kuma a busasshen yanayi mai iska sai a ƙara nisan. Ƙurar da take addabar tsakiyar gari galibi tifofin ne suke kawo ta: abin da ke zuba daga motar da ba a rufe ba, da lakar da ke manne a tayoyi, tayoyin baya su niƙe ta, kowace mota ta sake tayar da ita. Maganinta ba shi da wuya: rufe kowane lodi da tamfol, wurin wanke tayoyi kafin a hau titin jama'a, shimfiɗa kwalta ko kankare daga ƙofar kamfani zuwa babban titi, da sharar titin a jiƙe. Yayyafa ruwa da tanki yana taimakawa, amma a rana mai zafi amfaninsa na ɗan lokaci ne, kuma shi ne abu na farko da ake dainawa da zarar masu duba aiki sun tafi. Idan kuka haɗa buƙatar huda da niƙa da ruwa da kayan kare numfashi ga ma'aikata a cikin takardarku, za ku ga ɓangarorin garinku biyu sun sami abin da suka yi tarayya a kai.

Batun tsagewar bango shi ne wanda na fi yin taka-tsantsan da shi. Jikin ɗan Adam yana jin girgizar da saurin motsinta bai kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba, alhali iyakar da Hukumar Ma'adinai ta Amurka ta fitar a 1980 don kare filastar gidaje ita ce kimanin milimita 12.7 a daƙiƙa ga girgiza mai jinkirin bugawa, ƙa'idar Jamus kuma, wadda ta fi tsauri, ta sa milimita 5 ga gidajen zama da 3 ga gine-gine masu rauni. Wato mutum zai iya firgita da gaske alhali bangonsa bai ji komai ba, kuma sau da yawa abin da ke kaɗa taga da kwanon rufi bugun iska ne daga fashewar, ba motsin ƙasa ba. Na sha zuwa duba bangon da aka ɗora wa nakiya laifi, in tarar da ƙasa mai kumbura da damina ce, ko tushe marar zurfi, ko ruwan indararo da ke zuba a gindin gini. Amma na kuma ga inda nakiyar ce, musamman a tsofaffin gine-gine da na ƙasa, waɗanda ba a yi waɗancan gwaje-gwaje a kansu ba. Abin da ke raba gardama shi ne shaida tun kafin a fara. A ɗauki hoton kowane bango na gidajen da ke kusa, da rula a jikin tsagar da kwanan wata. A ja layi da fensir a ƙarshen kowace tsaga, a rubuta ranar, a kuma ɗana ɗan filasta a kanta. Idan tana motsi filastar za ta tsage, kuma za a ga ko ta zarce layin. A nemi kamfanin ya ajiye na'urar auna girgiza a gida mafi kusa a duk fashewa, a kafa sakamakon inda kowa zai gani, a tsayar da lokaci guda na fashewa da rana tare da jiniyar gargaɗi. Mai harhaɗa nakiya yana iya rage girgiza sosai ta hanyar rage yawan abin da ke tashi a lokaci ɗaya, ya jera ramukan su tashi ɗaya bayan ɗaya da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, don haka ba abin da ya gagara kuke nema ba.

Ba ka ambaci ruwa ba, amma ku tambaya ko faɗaɗawar ta gefe ce ko ta zurfi. Idan ramin zai sauka ƙasa da matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa, dole a riƙa zuƙe ruwa kullum, kuma hakan yana iya janye ruwan rijiyoyin da ke kewaye. Ku fara auna zurfin ruwan wasu rijiyoyi yanzu, da igiya mai alama, rana ɗaya a kowane wata.

Ƙi gaba ɗaya, ko amincewa da sharuɗɗa

Haƙƙin jama'a na a saurare su ba alfarma ba ce. Nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli ya fara zama doka a Amurka a farkon 1970, sanarwar taron duniya kan muhalli da aka yi a Riyo ta Brazil a 1992 ta mayar da shi da shigar jama'a cikin yanke shawara ƙa'idojin da ƙasashen duniya suka amince da su, kuma yau mafi yawan ƙasashe suna da dokarsu a kai. Ku nemi cikakken rahoton, ba taƙaitaccen bayaninsa ba, ku fara karantawa daga jadawalan baya.

Ƙi gaba ɗaya yana yin nasara ne idan akwai dalilin da babu sharaɗin da zai gyara shi, misali ramin zai matso gidaje fiye da tazarar da doka ta yarda, ko zai taɓa tushen ruwan shan gari, ko gadar da ke kan hanyar ba za ta ɗauki nauyin ba kuma babu wata hanya. Idan kuna da irin wannan, ku tsaya a kansa. Idan babu, haɗarin shi ne a ba da izinin duk da ƙin ku, kuma a ba da shi tsirara, domin ba ku gabatar da sharaɗi ko ɗaya ba. Shi ya sa shawarata ita ce takardarku ta ɗauki duka biyun: ku bayyana ƙin amincewarku da dalilanta, sannan ku ce idan har hukuma ta ga za ta ba da izinin, to ga abin da dole ya shiga cikinsa. Wannan ba ja da baya ba ne, kuma lauyoyi sun saba da irinsa.

A cikin sharuɗɗan, wanda ya fi kowanne shi ne hanyar da za ta kewaye gari, a kan kuɗin kamfanin, a kuma gama ta kafin a ƙara ko tan ɗaya. Kalmar "kafin" ita ce ran maganar, domin hanyar da aka ce za a yi a shekara ta uku na sha ganin ta ƙare a takarda. Idan kewayen ba zai yiwu ba, sai a koma kan iyakar wucewar motoci a rana, a rubuta ta da lamba, ta mafi yawa ba matsakaici ba, da sa'o'in aiki. A nan ku kula da wani abu da ake yawan mantawa: idan an ce ƙofa za ta buɗe ƙarfe bakwai, tifofi za su fara isowa tun da asuba su yi layi a cikin gari injinansu na aiki, don haka sharaɗin ya hana shigowa garin kafin lokacin, ba buɗe ƙofa kawai ba. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawara a 2018 cewa ƙarar titi da dare kada ta wuce desibel 45 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma barcin da ake katsewa kullum da asuba shi ne abin da ya fi gajiyar da mazauna bakin titi. Duk inda kuka ga an rubuta "gwargwadon iko" ko "idan hali ya yi", ku nemi a sa lamba, da wanda zai auna, da abin da zai biyo baya idan an saɓa.

Sai maganar ƙarshen aikin, wadda ba wanda yake son tunawa da ita a farko. Tsohon rami yana iya zama abin alfahari. Lambun Butchart a Kanada ramin farar ƙasa ne a da, kuma lambun Eden da aka buɗe a 2001 a Cornwall ta Ingila a cikin tsohon ramin yumɓu yake. Amma waɗannan tsiraru ne. Abin da aka fi gani shi ne rami mai miƙaƙƙen bango cike da ruwa mai zurfi, babu shinge, yara suna zuwa wanka. Ku nemi kamfanin ya ajiye kuɗin jingina a hannun hukuma ko banki tun yanzu, wanda zai isa gyaran wurin ko da kamfanin ya karye, kuma a riƙa gyara ɓangaren da aka gama ana ci gaba da sauran. Game da alkawarin ayyukan yi kuwa, ku tambayi adadin ma'aikata na dindindin a yanzu da adadin da za a ƙara, domin ninka fitar da dutse yawanci da manyan injina ake yin sa, ba da ninka ma'aikata ba. Kyautar da kamfani zai yi wa gari, kamar aji ko burtsatse, ku karɓa idan kun ga dama, amma a takarda dabam, kada ta zama musayar sharuɗɗan.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, Malam. Ban taka titinku ba, ban ga dutsen ba, kuma hukuncin ko wata tsaga ta nakiya ce sai wanda ya tsaya a gaban bangon. Tazarar da doka ta gindaya da wa'adin ɗaukaka ƙara sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ku sa lauyan da ya san dokar ma'adinai da ta muhalli ya duba takardarku, masu tari ko ƙuncin numfashi kuma su ga likita, su gaya masa aikin da suke yi da inda suke zaune. Tunda makonni kaɗan gare ku, ku fara ƙirgar motoci da ɗaukar hotunan bango a wannan makon, ku rubuta wasiƙar neman cikakken rahoton a ranar da kuka fara, kuma idan kun kai takardarku ku tabbata an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za ku riƙe.